Kashin Ƙarfen da Bai Sha Damina Ba

Sarkin Juji sunan tsokana ne. Abokan aiki suka liƙa masa shi tun yana da baƙin gashi, ya bi shi har ya yi furfura, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ba ya so ba. Da ma shi bai iya cewa ba ya son abu ba. In mutum na sauri, wannan shi ne labarinsa gaba ɗaya.

Kamfanin da ya cinye ƙuruciyarsa yana bakin gari, inda ake narka tsofaffin ƙarafa a mai da su rodi. Shi ba a gaban wuta aka sa shi ba, can baya aka ajiye shi, wurin zubar da kashin ƙarfe. Idan ƙarfe ya narke, dattinsa yakan taso sama kamar kumfar miya, a kwashe a kai baya a juye, ya huce ya zama baƙin dutse mai ramuka-ramuka. Shi ake kira kashin ƙarfe. Aikin Sarkin Juji shi ne ya nuna wa motoci inda za su juye, ya farfasa manyan da guduma, ya tsince guntayen ƙarfen da suka maƙale a mayar da su wuta. Ƙurar wurin ta cinye masa gashin gira, ta bar masa wani busasshen tari da matarsa ke gane shi da shi tun yana bakin layi.

Kowa ka tambaya zai ce maka mutumin kirki ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Wanzami ya taɓa yanke masa gefen kunne, shi ne ya ba wanzamin haƙuri. An taɓa ba shi takalmin aiki da ya matse shi, ya yi ta ɗingishi har takalmin ya mutu, don kawai kada mai rabon kaya ya ji ba daɗi. Irin wannan hali daga nesa yake da kyau. Masu yabonsa ba su ne suke kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Wadda take kwana ɗaki ɗaya da shi mai ɗinki ce, kuma Tela kowa ke kiranta, har shi. A gidan haya suka yi zamansu tun tana amarya, ɗaki ciki da falo, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. In ka zura hannu ta tagar sai ka taɓa bangon. Tsakar rana a ɗakin nan kamar bayan magariba take, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta wuce. Kullum da safe sai Tela ta ja keken ɗinkinta zuwa bakin ƙofa don ta sami haske, matan gidan suna tsallake mata yadi, suna tsaki wai ta tare hanya. Da 'ya'yanta suna gabanta, su suke zura mata zare a allura. Suka girma, kowa ya kama gabansa, idonta kuma ya fara hazo.

Ba ta taɓa tambayarsa sarƙa ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya take faɗa, ta faɗe shi har ya zama kamar gaisuwa.

"Malam, ni taga nake so. Babba, mai kallon gabas, in ajiye kekena a gindinta in ga ramin allurata da idona."

"In Allah ya yarda, Tela."

Yana da ɗan fili a bayan gari, wanda ya saya tun wurin yana daji. Abin da zai ɗora a kai ne babu.

Wata shekara kamfani ya kwaɓa siminti da sabon kashin ƙarfe ya daɓe harabarsa, wai don a rage sayen tsakuwa. Bayan damina daɓen ya kumbura ya yi tozo-tozo, ya tsattsage, har motoci suka koma kewaye shi. Aka kira wani injiniya ya duba. Mutumin bai zauna a ofis ba, ya zagayo baya ya tsugunna kusa da Sarkin Juji, ya karɓi gudumarsa ya fasa dutse ɗaya, ya nuna masa wasu fararen ɗigo-ɗigo a ciki. Ya ce farar ƙasa ce da ake zubawa a wuta don ta janye dattin ƙarfe. Tana nan ɗanya, ba ta sha ruwa ba, kuma duk ranar da danshi ya same ta sai ta kumbura, ko da kuwa tana tsakiyar siminti ne.

"Baba, wannan abin ba shara ba ne," in ji shi. "In ya sha damina, ya sake shan wata, ya gama kumburinsa a fili, ka daka shi ka haɗa da yashi da siminti, bulonsa sai ya ga jikokinka. Amma sabo, ko kyauta aka ba ka, kar ka karɓa."

Kamfani ya saurari injiniya, ya gode masa, ya manta da shi. Sarkin Juji ne bai manta ba. A can ƙarshen juji akwai tsohon tsibi da ya shekara da shekaru, ciyawa ta rufe shi, awaki suna hawa. Ya nemi izni, aka yi masa dariya aka ce ya kwashe duka in zai iya. Daga ranar, duk yamma in an tashi aiki sai ya ɗaure rabin buhu a bayan kekensa, ya tura har fili. Ranar hutu ya daka, ya tankaɗe da rariyar waya, in Allah ya hore buhun siminti ya kwaɓa ya buga bulo da injin hannu na aro. Bulon yana da duhu, ga nauyin tsiya, in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar ƙararrawa. Da shi ya ja harsashi, da shi ya ɗora layi bisa layi, shekara tana bin shekara, har gini ya kawo daidai inda taga za ta zauna.

Tela ta haddace karatun injiniya fiye da shi, don ba ranar da ba ya maimaita mata shi a kan abinci. Wani lokaci ita take ƙarasa masa. A wurin aiki kuwa bai taɓa yi wa kowa bayani ba. In sun gan shi yana tonon tsohon tsibi sai su ce, "Sarki, gidan kashi za ka gina mana?" ya yi murmushi ya ci gaba. Su a ganinsu rashi ne da kunya suka kai shi can, tunda tsohon ba mai so, sabon kuwa kamfani ya fara sayar wa masu cike ramuka, sai da iznin manaja ake taɓa shi.

Da shekarunsa suka cika aka sallame shi. Kamfani ya ba shi agogon bango, shi da bai mallaki bango ba, manaja ya ba shi hannu ya goge hannun a wando. Da ɗan abin sallamar ya sayi siminti da kwanon rufi da katako, ya kuma ba mai walda aikin taga. Tela da kanta ta je da tef ɗinta na ɗinki ta auna faɗi da tsawo, ta tsaya a kan mai walda har sai da ya sa gilashi. A daidai lokacin mai gidan haya ya aiko cewa ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin kafin ruwa ya sauka. Abin da ya rage kawai shi ne kashin ƙarfen da za a ƙarasa ginin, kuma ƙafafun Sarkin Juji sun daina iya tura keke da kaya. Sai ya roƙi Dogo, direban tifar kamfani kuma amininsa, mai kiran Tela Yaya, ya taimaka ya kawo masa mota ɗaya daga tsohon tsibi.

Ranar hutu da hantsi yana fili yana jira, sai ga tifa tana ta oda tun daga nesa. A bayanta wata motar ce cike da abokan aikinsa, kowa da shebur, har da helimansu, wato shugaban leburori, har da injin bulo biyu da duro-duron ruwa. Bai san da zuwansu ba. Idonsa ya ciko, ya rasa wanda zai fara gaisarwa.

Dogo ya ɗaga bayan tifa, kaya ya zubo. Fes da shi, dakakke, tankaɗaɗɗe, ba ko tsinke ɗaya. Yana ƙyalli a rana.

"Ranka ya daɗe, Sarki," Dogo ya ce yana dirowa. "Ka ce in kawo maka na tsohon juji. Na je na duba, wallahi kunya ta kama ni. Ciyawa, leda, kashin awaki. Ka ƙare rayuwarka kana haɗiyar ƙura tare da mu, a ce da wannan za mu sallame ka?"

Helima ya karɓe. "Mu duka muka je wurin manaja, muka ƙi tashi sai da ya amince. Sabo ne dal, na satin nan. Mutanen nan kullum in an tashi aiki sai su tsaya su daka maka. Kai, nuna masa hannunka."

Wani ya buɗe tafin hannunsa yana dariya. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

Sarkin Juji ya sunkuya ya damƙo kashin ƙarfen. Bai buƙaci ya kai shi kusa da ido ba. Fararen ɗigon nan suna nan birjik, kamar an barbaɗa gishiri. Ya buɗe hannu ya bar shi ya zube.

Maganar da ya kamata ya yi ba ta kai numfashi ɗaya ba: a bar shi ya sha ruwa tukuna. Ba zagi a ciki, ba cin fuska. Da ya faɗa, da an yi tsit na ɗan lokaci, a ji kunya, a yi dariya, Dogo ya juya mota ya ɗebo na tsohon tsibi kafin azahar. Amma ya dubi hannun nan mai bororo, ya dubi fuskokin da ke jiran ya yi murna, sai bakinsa ya yi nauyi kamar yadda ya saba.

"Allah ya saka da alheri," ya ce. "Allah ya bar zumunci."

Tela ta iso da kular abinci da bokitin ruwan sha. Ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta yi godiya, sannan idonta ya kai kan tsibin. Idon da ba ya ganin ramin allura ya ga wannan sarai. Ta ajiye bokiti, ta yafito mijinta zuwa bayan rabin ginin.

"Malam, wannan ya sha damina kuwa?"

"Tela, rage murya."

"Ai a hankali nake magana. Ya sha ko bai sha ba?"

"Kin ga hannun mutanen nan?"

"Na gani. In kai kana jin nauyinsu, bari ni in faɗa musu. Dogo kamar ƙanena yake, ba zai ƙi ji ba."

"Ki rufa mini asiri, ki bar ni in rabu da mutane lafiya. Zan yawaita yashi, in yi ta ba shi ruwa. Allah zai kiyaye."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta buɗe baki za ta sake magana, sai suka ji bakin shebur ya farke buhun siminti na farko, wani ya ɗauko waƙa. Ta gyara mayafinta ta koma ta fara zuba abinci.

An yi aiki ranar kamar ba gobe. Ana kwaɓi, ana bugu, ana tsokanar juna, ana tuna wanda ya taɓa faɗawa kwalbati da wanda helima ya kama yana barci a cikin baro. Sarkin Juji yana ta ƙara yashi a sace, ana ture shi ana cewa sarki ba ya aiki. Kafin rana ta faɗi siminti ya ƙare, in ban da wanda aka ware na ɗora gini da shafe. Bulo ya cika fili a jere, ragowar kashin ƙarfen kuma aka tara shi a kusurwa.

Ya yi ta ba bulon nan ruwa safe da yamma kamar mai lambu. Bulon kuwa ya yi kyau, ya fi nasa na da santsi, ko tsaga ɗaya babu. Har ya fara ce wa kansa ai injiniyan nan yaro ne, masu karatu da ma sun iya tsorata mutane. Mutumin da yake son ya yarda da abu ba ya rasa hujja. Abokan suka dawo da birkila, aka ɗora gini daga taga zuwa sama, aka zuba linta, kankaren da ke saman taga da ƙofa, aka kafa taga, aka yi rufi da shafe. Suka tare ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa.

Safiyar farko a sabon gida, Tela ta ajiye kekenta a gindin taga, ta tura murfin biyu waje. Rana ta shigo ta kwanta a kan yadi. Ta lashi bakin zare, ta ɗaga allura, zare ya wuce a karon farko. Ta yi wata dariya da rabonsa da jin irinta tun suna da ɗa ɗaya, ta zare zaren ta sake zurawa don kawai ta tabbatar. Shi kuma ya buga ƙusa ya rataye agogonsa. Ba wanda ya tada maganar kashin ƙarfe a cikinsu, kuma a watannin nan ya ji daɗin duniya yadda bai taɓa ji ba.

Wajen ƙarshen damina ya ga ƙurji na farko a jikin shafe, ta waje. Ɗan kumburi ne kamar ƙwayar wake, ya sa farce ya ɓantare, ya ga farin ɗigo a tsakiya. Ya kwaɓa ɗan siminti ya liƙe tun Tela ba ta fito ba. Bayan kwana kaɗan ya ga wasu a gefe. Ya zama aikinsa na sassafe, yana zagaya gida da gwangwani da cokali kamar mai ba marar lafiya magani a ɓoye. Ita kuwa tana jin sa ta taga, ba ta taɓa tambayar me yake yi ba.

Damina ta biyu ba ta yi masa kara ba. Ƙuraje suka zama tsaga, tsaga ta zama rami mai shan yatsa, shafe yana zubowa ɓawo-ɓawo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne layin. Daga harsashi zuwa gindin taga, inda ya gina da abin da ya turo a keke, bango yana nan ko gezau. Daga gindin taga zuwa sama kuwa duk ya ruɓe. Kamar an sa zare an ja, ko makaho ya shafa zai nuna maka inda kyauta ta fara.

Taga ta soma tauri. Da farko sai an bubbuga take buɗuwa, daga baya sai an sa kafaɗa, daga baya ta ƙi sam, don bango ya kumbura ya matse ta ta ko'ina. Wata rana da la'asar Tela tana ɗinki, gilashi ya tsage da kansa daga sama har ƙasa, ba wanda ya taɓa shi. Birkila ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce linta ta rasa abin zama, nauyin sama duk a kan ƙarfen taga yake. Ko dai a sauke ginin daga taga zuwa sama a sake, ko a cire tagar a toshe wurin da bulo mai ƙarfi ya tallafe, in ba haka ba wata rana bangon zai sauko a kan wanda ke zaune a gindinsa. Sauke gini kuwa ba aikin tsoho mai tari ba ne da ba ya da komai sai agogo.

Labari ya kai kamfani, Dogo ya zo. Ya zagaya gidan a hankali, hannunsa a baya. Ya tsaya a gaban layin nan ya daɗe, ya shafa ƙasa, ya shafa sama. Dogo ba wawa ba ne. Daga ciki ana jin keken Tela yana tafiya.

"Sarki, tsakaninka da Allah," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kayan da muka kawo ne ya yi wannan?"

Keken ya tsaya.

"In namu ne ka faɗa mini. Wallahi mu dawo mu sauke shi mu sake maka. Ko karo-karo ne za mu yi mu sayi siminti, mota kuma tana hannuna. Ba za mu bar Yaya a haka ba."

Ba kowa Allah yake kawo wa dama ɗaya sau biyu ba. Ga ta ta zo har ƙofar gida da ƙafarta, ba abin da take nema sai ya ce i. Sarkin Juji ya dubi amininsa, ya tuna yadda ya diro daga tifa ranar nan yana washe baki. Ya hango shi yana komawa kamfani ya gaya wa mai bororo a hannu cewa wahalarsa ce ta rusa gidan.

"Haba Dogo, wane irin zance ne wannan? Kayanku ba abin da ya same shi. Ni ne hannuna ya tsufa, na cika masa yashi. Ai kana gani ina ta ƙarawa."

Dogo ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. Ya ce da ma ya ga yashin ya yi yawa, ya ji nauyin faɗa ne. Ya yi jaje, ya leƙa ya ce, "Yaya, sai haƙuri," ya tafi da zuciya wasai. Keken bai sake motsi ba har rana ta faɗi.

Ragowar kyautar tana nan a kusurwa inda aka tara ta. Ta sha damina, ta sake shan wata, ciyawa ta fito a kanta, awakin maƙwabta sun mai da ita wurin hutu. Yanzu ta nuna, ta zama irin wadda injiniya ya ce a yi aiki da ita. Da ita Sarkin Juji ya buga bulon toshe taga, simintin kuma Tela ce ta saya da kuɗin ɗinkinta, ta sa aka ajiye masa a ƙofa. Bai taɓa buga bulo mai kyan wannan ba. Birkila ya ƙwanƙwasa ɗaya ya ce wannan kam sai dai a gaji da shi.

Aka cire taga aka jingine ta a bayan gida. Layin bulo yana hawa, haske yana raguwa a kan shimfiɗa, har aka tura bulo na ƙarshe ɗakin ya koma kamar bayan magariba.

Washegari da safe ya ji ƙarar da ya sani, ƙafafun keke suna gurzar daɓe. Ya tashi zai kama mata, ta ce ya bari, ta iya, ta saba. Ta kai shi bakin ƙofa ta zauna. Ta lashi zare ta ɗaga allura, zare ya kauce. Ta sake, ya kauce. Yana tsaye a bayanta da buta a hannu.

Ba ta waiwayo ba. Ta miƙo masa allurar da zaren ta saman kafaɗarta.

"Zura mini, Malam. Ai kai ba ka iya cewa a'a ba."